Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitoci da ma'aikatan lafiya masu kula da ciwon suga: wa ke duba tsokar majinyaci?

Assalamu alaikum, ya ku likitoci da nas-nas da masu ba da shawara kan abinci, da duk wanda aikinsa ne ya zauna a gaban mai ciwon suga yana karanta masa sakamakon gwaji.

Bayan gaisuwa mai yawa da jinjina kan ƙoƙarin da kuke yi, bari in fara da faɗin matsayina. Ni ba likita ba ne. Ɗan majinyaci ne, wanda ya shafe shekara tara yana raka mahaifinsa asibiti duk bayan wata uku, yana riƙe masa jakar magani da ɗan littafin da muke rubuta awon suga na kowace safiya. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne wani abu da na gani a zuwanmu na baya-bayan nan, wanda har yau ya ƙi barin zuciyata.

Muna zaune a ɗakin jira aka kira sunan Baba. Ya dafa hannuwan kujera biyu, ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya koma. Sai a na uku ya miƙe, gwiwoyinsa na kaɗawa. Nas ɗin da ta kira shi ta tsaya tana jiransa cikin ladabi, ba ta ce komai ba. Da muka shiga, likita ya duba takarda, ya ga gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, ya sauko daga sama da 9 zuwa 7.1, ya ga nauyin Baba ya ragu da kilo shida, sai ya yi murmushi ya ce, "Madalla Baba, ka ci gaba da abin da kake yi." Aka duba tafin ƙafa, aka tura mu gwajin ƙoda, aka tuna mana lokacin ganin likitan ido ya yi. Duka daidai ne, kuma mun gode. Amma babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa mutumin da shekara uku da suka wuce yake hawa bene ba ya ko dafa bango, yau sai ya yi yunƙuri uku kafin ya bar kujera.

Ni da nake tare da shi na san inda kilo shidan nan suka fita. Tumbinsa yana nan yadda yake. Cinyoyinsa ne suka zube, har wando yake reto a jikinsa. Agogon hannunsa sai da ya matsa da shi huda biyu. Tsakanin babban yatsa da manuniya, inda a da akwai tsoka mai tauri, yanzu rami ne. Murfin gorar ruwa ma miƙo mini yake yi in buɗe masa, yana wasa yana cewa masu yin gorar ne suka fara ɗaure ta da mugunta. 'Yan uwa kuwa idan sun zo sai su ce, "Ai gara da ka rame, suga ba ya son ƙiba." Shi ma ya yarda da haka, domin abin da ya fahimta daga bakinku ke nan.

Da na shiga bincike da tambaye-tambaye, sai na tarar abin ba sabo ba ne ko kaɗan. Kusan shekara dubu biyu da suka wuce, wani likitan Girkawa mai suna Aretiyas, mutumin Kafadokiya, ya siffanta wannan ciwo da narkewar nama da gaɓoɓi suna fita ta fitsari. Bai san insulin ba, wato sinadarin da jiki ke daidaita sugan jini da shi, ba shi da na'urar awo, amma idonsa ya ga abin da na gani a cinyar Baba. Kafin watan Janairu na 1922, lokacin da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, masu nau'in farko na ciwon ƙarewa suke yi sai fata da ƙashi. Da magani ya samu, wannan mummunar rama ta ɓace daga idon likitoci, sai hankali ya koma kan ido da ƙoda da zuciya da ƙafa. Zubewar tsoka ba ta tafi ko'ina ba, sai dai yanzu a hankali take yi, kuma ta sami mafaka mai kyau, wato kalmar "tsufa".

Kun fi ni sanin abin da zan faɗa yanzu, amma ku yi mini uzuri in maimaita shi saboda majinyata da 'ya'yansu da za su karanta. Tsoka ita ce kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin jikin babban mutum, kuma ita ce babban rumbun da sugan jini yake shiga. Gwaje-gwajen da Ralph DeFronzo da abokan aikinsa suka yi tun farkon shekarun 1980 sun nuna cewa idan insulin ya yi aikinsa, kimanin kashi 80 cikin 100 na sugan da ke barin jini tsoka ce take kwashe shi. To idan rumbu ya ƙanƙance, ina hatsi zai je? Sai ya zauna a jini. Shi kuma insulin ba buɗe wa suga ƙofa kaɗai yake yi ba, shi ne yake hana jiki farfasa furotin ɗin tsoka. Idan ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai tsoka ta riƙa sakin sinadaranta, hanta ta karɓa ta mayar da su suga, ta ƙara a kan wanda ya riga ya yi yawa. Sugan da ya hau yana cin tsoka, tsokar da ta ragu tana ƙara hawan suga, mutumin da ya rasa ƙarfi kuma yana rage motsi, rashin motsin ya ƙara cinye abin da ya saura. Baba ya yi shekaru a cikin wannan zagaye muna ganin kamar gajiya ce kawai.

Akwai wani bincike da ya fi ɗaukar hankalina, domin ya nuna yawan sugan da kansa yana da hannu. A shekarar 2019, masana a Jami'ar Kobe ta ƙasar Japan, ƙarƙashin Farfesa Wataru Ogawa, sun yi gwaji a kan ɓeraye. Sun gano cewa idan suga ya yi yawa a jini, wani furotin mai suna WWP1 yana raguwa a cikin tsoka. Aikin wannan furotin shi ne share wani mai suna KLF15. Da mai shara ya ragu, sai KLF15 ya taru, taruwarsa kuwa tana sa tsoka ta motse. Ɓerayen da aka cire wa KLF15 daga tsokarsu, suga ya hau musu amma tsokar ba ta zube ba. Na san ɓera ba mutum ba ne, kuma ba a yi magani daga wannan ba tukuna, amma ya isa ya sa a daina ɗora wa shekaru laifin komai.

Ban da wannan, suga yana manne wa furotin na jiki idan ya daɗe da yawa, ya sa zaren tsoka da jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi su yi tauri, su rasa laushinsu. Ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da tsoka suna lalacewa kamar yadda na ido suke lalacewa. Kitse yana kutsawa tsakanin zaren tsoka, ta yadda cinya za ta iya zama da kaurinta amma ƙarfinta ya tafi. Sai kuma lalacewar jijiyoyin saƙo, wadda kuke gwadawa da ɗan siririn zaren nan a tafin ƙafa. Ku kuna neman ko majinyaci yana jin taɓawa, amma jijiyar da ke kai wa tsoka umarni ita ma tana mutuwa, tsokar da ta daina samun saƙo kuwa bushewa take yi. Ramin da ke hannun Baba da yatsun ƙafarsa da suka fara lanƙwashewa daga nan suke.

A cikin mutane ma an gani. Wani dogon bincike a Amurka da ake kira Health ABC ya bi tsofaffi sama da 3,000 masu shekara 70 zuwa 79 a biranen Pittsburgh da Memphis. An samu cewa masu ciwon suga sun fi saurin rasa ƙarfin ƙafa, kuma ingancin tsoka ya fi lalacewa ga waɗanda ciwon ya daɗe a jikinsu da waɗanda HbA1c ɗinsu ya haura 8. Waɗanda suke da ciwon ba su sani ba suna cikin waɗanda tsokarsu ta fi zubewa. Idan aka tuna cewa Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 589 ne ke da ciwon a 2024, kuma sama da kashi 40 cikin 100 ba su san suna da shi ba, za a ga yawan mutanen da ke narkewa a tsaye suna cewa shekaru ne.

Gaskiya ne kowa yana rasa tsoka da shekaru, ana ƙiyasta kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma bayan an wuce talatin, abin kuma yana ƙara gudu bayan sittin. A 1989 Irwin Rosenberg ya raɗa wa wannan suna sakofeniya, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin talaucin nama, kuma a 2016 aka ba ta lambarta a kundin cututtuka da asibitocin Amurka ke aiki da shi. Ciwon suga gaggauta ta yake yi. Kwanciyar asibiti kuma tana zuwa ta ƙarasa: a wani gwaji da aka wallafa a 2007, tsofaffi masu ƙoshin lafiya da aka kwantar kwana goma kacal sun rasa kusan kilo guda na naman ƙafa. Baba ya kwanta mako biyu a wani asibiti saboda gyambon ƙafa, kuma a tsawon kwanakin nan babu wanda ya ce masa ya ɗaga ko da ƙafar da ke lafiya. An sallame mu gyambo ya warke, amma daga ranar ya fara riƙe sanda. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Yanzu ga ƙorafina na gaskiya, kuma ina roƙon ku karɓe shi da kyakkyawar fahimta. Sikelin da ke ƙofar ɗakinku yana yaudarar ku, yana yaudarar mu. Ba ya bambance kilon kitse da kilon tsoka. Shawarar da muke fita da ita kuma kusan kullum jimla biyu ce: rage ci, ka riƙa tafiya. Dattijo mai tsoron ciwo idan ya ji "rage ci", komai yake ragewa. Baba ya daina cin nama gaba ɗaya saboda wani ya ce masa yana kashe ƙoda, alhali gwajin ƙodarsa lafiya ƙalau yake a lokacin. Ya koma cin ɗan abin da ba zai ƙosar da yaro ba, yana alfahari da lambar da na'ura take nuna masa da safe. Sugan ya sauka, shi ma ya sauka tare da shi. Ƙa'idar da aka saba ita ce giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, amma ƙwararru kan lafiyar tsofaffi sun ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 ga wanda ya haura 65, in dai ƙodarsa ba ta da matsala. Wanda ƙodarsa ta taɓu lissafinsa daban ne, kuma ku ne kaɗai za ku iya faɗa wa kowane majinyaci a wane layi yake. Idan kuka yi shiru, maganar maƙwabta ce za ta cike gurbin.

Haka batun sababbin magunguna masu sa rama, irin su semaglutide. Ba na kushe su, na ga waɗanda suka amfana ƙwarai. Amma a babban gwajin da aka wallafa a 2021 kan masu ƙiba, da aka duba jikin wasu daga cikinsu da na'ura, an ga kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin da suka rasa ba kitse ba ne. Ba dukkansa ne tsoka ba, akwai ruwa da sauransu a ciki, amma ga mai shekara saba'in da dama tsokarsa ta yi ƙaranci, wannan ba abin da za a rubuta a takarda a sallame shi ba ne ba tare da an tsara masa abinci da motsa jiki ba. Metformin ma, ƙwayar da masu ciwon suga da yawa ke sha, idan an daɗe a kansa yana iya rage bitamin B12, ƙarancinsa kuma yana ƙara lalata jijiyoyi. Shekara tara Baba yana shan sa kafin wani ya tuna a gwada.

Na san ɗakunanku a cike suke, na san wani lokaci minti biyar ne rabon kowane majinyaci. Shi ya sa abin da nake roƙo ba ya buƙatar babbar na'ura. Kujerar nan da Baba ya yi fama da ita ita kanta kayan gwaji ce. A sa majinyaci ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar, a duba agogo. Kwamitin ƙwararru na Turai, a ƙa'idojin da ya sabunta a 2018, ya ce wanda ya wuce daƙiƙa 15 ƙarfinsa ya yi ƙasa. Nas za ta iya yin wannan a lokacin da take ɗaukar awon jini. Akwai ƙaramar na'urar matsawa da hannu, wadda a ma'aunin wannan kwamiti ƙasa da kilo 27 ga namiji ko ƙasa da 16 ga mace alama ce ta rauni. Kada a raina ta: wani bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya haɗa mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya nuna duk raguwar kilo biyar a ƙarfin damƙa tana tafe da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa. Inda babu na'urar, tef ɗin awo ya isa a zagaya sha-raɓa. Kwamitin ƙwararru na Asiya ya sa iyaka a santimita 34 ga maza, 33 ga mata. Ko wannan ya gagara, tambaya ba ta cin kuɗi. Baba, kana iya tashi daga kujera ba dafawa? Kana hawa matakala goma? Sau nawa ka faɗi a bana? Da an yi wa mahaifina tambaya ta ƙarshe, da an ji ya faɗi sau biyu a banɗaki, ya hana mu faɗa saboda kunya. A rubuta amsar a fayil kusa da HbA1c, a kwatanta da ta zuwa na gaba.

Abin da ya fi ba ni takaici, kuma shi ne ya fi ba ni ƙwarin gwiwa, shi ne tsoka tana dawowa. A 1990 Maria Fiatarone ta sa wasu tsofaffi goma a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, masu kimanin shekara 90, ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Ƙarfin waɗanda suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin 100. A 2002, a birnin dai, Carmen Castaneda ta gwada irin wannan horo na mako 16 a kan dattawa masu ciwon suga. HbA1c ɗinsu ya sauka daga 8.7 zuwa 7.6, kuma kashi 72 cikin 100 na waɗanda suka yi horon an rage musu magani. Dalili kuwa shi ne tsokar da ke aiki tana jan suga daga jini ko da insulin bai taimaka sosai ba, domin motsin da kansa yana buɗe ƙofofin. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce kowane babba, ban da minti 150 na motsa jiki a mako, ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, tsofaffi kuma su ƙara da na daidaita tsayuwa. Rabin farko na wannan shawara kowa ya ji shi a bakinku. Rabi na biyu, ni dai a shekara tara ban taɓa jin an faɗa wa Baba ba. Tafiya tana da kyau ga zuciya, amma ba ta isa ta mayar da cinyar da ta zube ba.

Kuma ba kowa za a ce wa je ka ɗaga ƙarfe ba, shi ya sa nake son maganar ta fito daga gare ku maimakon daga bidiyon intanet. Wanda ciwon ya taɓa masa bayan ido sosai, yunƙuri mai ƙarfi da riƙe numfashi na iya sa jini ya ɓalle a idon. Mai gyambo a tafin ƙafa ba zai yi atisayen tsaye ba sai na zaune. Mai allurar insulin ko mai shan magani irin glibenclamide sugansa na iya faɗuwa bayan motsa jiki, har cikin dare. Mai hawan jinin da bai daidaita ba sai an fara daidaita shi. Duk waɗannan suna a fayil ɗin da ke gabanku. Ku rubuta atisaye kamar yadda kuke rubuta ƙwaya: wane iri, sau nawa, yaushe za a ƙara, yaushe za a dakata. Idan lokaci bai ba ku dama ba, ku tura mu wurin masu gashin ƙashi tun kafin a faɗi, domin a yanzu sai ƙugu ya karye ake tunawa da su.

Mu dai da kanmu muka nemi wata mai gashin ƙashi, bayan likitan ido ya tabbatar babu haɗari. Ta ba Baba roba mai miƙewa, ta koya masa tashi da zama daga kujera, da ɗaga dunduniya yana dafe da bango, da tura bango da hannu, kwana uku a mako, ana tsallake rana. Masaniyar abinci ta duba gwajin ƙodarsa ta mayar masa da furotin a kowane cin abinci. Ranar farko tashi biyar ya gagara sai da dafawa. Jiya, mako na bakwai, na riƙe masa agogo ya yi su a daƙiƙa 19, hannuwa a ƙirji, yana huci yana dariya. Bai kai 15 ba tukuna, kuma murfin gora har yanzu ni nake buɗewa.

Na buɗe sabon layi a littafinmu na awon suga, ina rubuta daƙiƙoƙin a gefen lambar kowace Asabar. Ranar da za mu dawo wurinku wata mai zuwa zan ajiye littafin a kan teburin likita, a buɗe a wannan shafi, ina fatan a duba layin biyu.

Na gode da lokacinku. Allah ya ƙara muku basira da juriya.

Naku,
Ɗan wani majinyaci